Kabarin da Ya Karkace

Utaibiyya, Makka

Hudaifa jikana, mijin ƙarya,

Sallama da fatan kana lafiya a Faransar taka. Karatu ba zai gudu ba, ajiye shi. Ga hoton takardar sojan Babana Lurwanu, sunan ƙauyen yana ƙasa. Can aka harbe yayansa Ja'afaru a yaƙin Jamus. Yaya Maryama, 'yar Ja'afarun, shekara sittin tana cewa Baba gudu ya yi ya bar gawar ubanta a gona. Yanzu tana kwance a unguwar Rusaifa, nan Makka, ko ruwa da ƙyar. Baba bai taɓa kare kansa ba, ni kuma abin yana cina. Je ka tambayo min gaskiya tun tana ji.

Kakarka, Ummulkhairi

*

Ya Sitti,

Ina gaisuwa, kakata. Na je. Gidajen ba su kai arba'in ba, shanu sun fi mutane yawa. Akwai kabarin Ja'afaru a bayan cocinsu, amma wallahi raina ya ɓaci: duk kaburbura a jere suke, nasa kaɗai ya karkace kamar an yar. An ce wata tsohuwa ta ga abin, tana asibiti sai Talata. Sabur, ya Sitti, a yi haƙuri.

Hudaifa

*

Hudaifa,

Lafiya ƙalau. Talata! Mala'ikan mutuwa ya san Talata? Bi ta asibitin, malalaci. Na kasa zama, na share tsakar gida sau uku.

Kakarka

*

Ya Sitti,

Gaisuwa. Na same ta. Tana 'yar shekara takwas lokacin. Ta ce rundunar su Ja'afaru ta janye, soja ɗaya ya dawo, ya ce shi ƙanen mamacin ne, ya roƙi ubanta bokiti da zanin gado. Ya wanke mamacin, ya naɗe shi, ya dubi rana, ya ja layi a ƙasa da sanda, ya hana su haƙa yadda suka saba. A bakin kabarin Jamusawa suka kama shi. Sau biyu an so a miƙe kabarin, mutanen ƙauyen suka ƙi.

Na auna da wayata, Sitti. Alƙibla ce. Ku yake kallo.

Jikanki

*

Hudaifa,

Allah ya yi maka albarka. Na karanta wa Yaya Maryama. Ta ce, "Ashe Baffa ne ya suturta shi." Tun ina yarinya ban ji ta kira shi Baffa ba. Ta ce a kai ta kabarin Baba, likita ya hana. Duk da haka gobe za mu je da ita.

Kakarka