Akuyar Tsohuwa da Ƙofar Birni

Talata, 14 ga Oktoba, Anka

Har yanzu mamaki bai sake ni ba. A wasan da nake bugawa a waya, babban aikina shi ne in shiga wani kullallen birni. Tun farkon wasan wata tsohuwa ta roƙe ni in nemo mata akuyarta. Na nemo ina tsaki, don gani nake ɓata caji ne.

Yau shugaban masu gadin birnin ya dube ni ya ce, "Kai ne ka mayar wa uwata akuyarta?" Sai ya buɗe ƙofa. Na koma baya na tabbatar, tsohuwar ce dai. Ashe tun farko akuyar nan ce mabuɗin ƙofar nan! Ikon Allah.

Ina cikin haka Inna ta leƙo. "Bello, ka kai wa Kawunka hura. Ko digiri ya hana aike?"

Tun da na gama jami'a nake tsoron aike zai cinye mini lokacin neman aiki. Yau ban ce "anjima" ba, na ɗauki ƙwaryar.

Kawu bai buɗe mini wata ƙofa ba, albarka kawai ya sa mini. To, tsohuwar ma ran nan godiya kawai ta yi.