Alkafura Uku a Kan Ƙanƙara

Zurik, ƙasar Suwizalan, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Ladina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya horo, ya sanyin dutse? Na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, lafiya lau.

Mama ta ce kocinku na wasan sulu da tsalle, Caduff, ya sa ki a alkafura uku a kan ƙanƙara wannan hunturun. Tun da na ji, abinci ba ya shiga. Na san duk bazara kin yi ta a tafkin horo, amma ruwan nan kumfa ake hura masa don ya yi laushi. Daga tudun tashi za ki yi sama kusan mita goma sha biyar, in kin dira kuma gwiwoyinki su ɗauki nauyinki ninki-ninki. Ban samu adadin da na amince da shi ba, shi ya sa ban rubuta ba. Abin da ya fi damuna, da zarar allunan sulun da ke ƙafarki sun bar tudun, ƙarfin juyin ya riga ya ƙayyadu. Ki dunƙule ya ƙara sauri, ki miƙe ya ragu. Iyakar abin da ya rage a hannunki ke nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Flurin

*

Yaya Farfesa,

Gaisuwa da jinjina. Wanda ya karye a gangaren yara shi ne zai koya mini juyi? Ka ci abinci, don Allah, kafin iska ta ɗauke ka.

Amma tunda ka tono, ga wata magana, tsakanina da kai. A juyi na biyu na daina ganin ƙasa. Korayen rassan itacen fir ɗin da ake watsawa a wurin dira don ido ya kama, ba na ganinsu, sai fari fat ko'ina. Caduff yana tsaye a ƙasa yana ihu, "Miƙe!" ko "Dunƙule!" kamar yadda yake yi wa kowa. Sauran suna haɗa muryarsa da idonsu. Ni muryar kawai nake bi. Bai sani ba. In ya sani, abokiyar horona Seraina ce za ta tafi gasa a madadina.

In ka faɗa wa Mama, na yanke ka.
Ladina

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki.

Gaba ɗaya zamanki a iska bai wuce daƙiƙa uku ba. Kafin ya gani, ya yi ihu, ki ji, jikinki ya amsa, wani yanki na juyin ya wuce. Ranar gasa kuwa ga ƙararrawar shanu da 'yan kallo ke kaɗawa, ga lasifika, ga iska. In muryar ta ɓace, da me za ki dira? Da wuyanki, Ladina. Ki gaya masa kafin Asabar, ranar gwajin farko. Ina roƙonki.

Flurin

*

Yaya,

Sannu. Tun ina 'yar ƙarama nake jiran wannan. Idon zai dawo, kowa ya ce yana dawowa. Safiyar nan sai da na ɗaure takalmi sau uku kafin ya ɗauru, amma sanyi ne. Ka bar ni.

L.

*

Ƙanwata Ladina,

Gaisuwa, in za ki karɓa. Ban gaya wa Mama ba. Caduff ne na kira yau Juma'a. Na faɗa masa abin da kika rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya tambaya tun yaushe. Na ce ban sani ba, don ban sani ba. Gara ki ji daga bakina.

Yayanki, Flurin

*

Flurin,

Seraina ce za ta tafi. Ni an mayar da ni alkafura biyu har bazara.

Ban yafe maka ba, kada ka kira. Da ya ce "biyu za ki yi", a gaban kowa, sai na ji hankalina ya kwanta. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ladina