Ranar Sunan Ƙaramin Minista

Sofiya, 11 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Zdravka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi.

Kin ji an rushe majalisa. Abin da ba a sani ba shi ne ko ƙananan ministoci za su zauna har zaɓe. Lauyoyin ma'aikatarmu sun rabu biyu, an kai maganar gaba, ana jira. Ni direban ƙaramin minista ne, maigida Iliya Karamanchev; in ya tafi, aikina ya bi shi, sai dai in shugaban ma'aikata ya mayar da ni wata motar.

Ran ashirin ga wata ne ranar Waliyi Iliya, ranar sunan maigida, da duk mai suna Iliya ke karɓar baƙi a gidansa kowace shekara. Jiya shugaban ma'aikata ya tare ni a matakala ya ce, "Strahil, bana zafi ya yi yawa, mai hankali a gida zai wuni." Na gane. Duk wanda aka gani a gidan maigida ranar, an ƙirga shi cikin mutanensa. Na auna abin ta kowane gefe, ban tsayar da komai ba. Wataƙila tsoro ne nake kira hankali.

Ƙaninki,
Strahil

Karlovo, 14 ga Yuli

Strahil,

Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda ka san ta. Shekara arba'in da ɗoriya, har yanzu sai ka auna miya kafin ka sha! Ranar suna ba a gayyatar kowa, wanda ya san ka shi ke zuwa. Mutumin nan ya tsaya cikin ruwan sama ranar da muka binne Mama. Na aiko da cuku a motar safe. Ka sayi furanni biyar ko bakwai, kada ka kai shida kamar mai zuwa makabarta. In sun kore ka, gonar inabi tana neman hannu.

Yayarki da ta goya ka,
Zdravka

Sofiya, 21 ga Yuli

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki. Na je. Sau biyu na wuce ƙofar kafin na ƙwanƙwasa.

Uwargidan ta haɗa tebura har baranda, kamar bara. Mu uku muka zo: ni, surukinsa, da wata tsohuwa maƙwabciya da ba ta ji sosai. Maigida da kansa ya yanka mini nama. Ya ce, "Ci, Strahil, yau rabon ma'aikata gaba ɗaya naka ne." Tsohuwar ta tambaye shi ko har yanzu minista ne. Ya ce, "Goggo, in kin ji labari ki sanar da ni."

Da zan fito na ga motar shugaban ma'aikata a tsallaken titi. Bai sauko ba. Ya gan ni, na kuma gaishe shi, ban san dalili ba.

Naki,
Strahil

Sofiya, 24 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa. An yanke: ƙananan ministoci za su zauna har zaɓe. Jiya ofis ya cika da furanni, kowa ya ce mantuwa ce. Maigida ya ce in zuba su a bayan mota, shi kuma ya zauna a gaba, kusa da ni.

Shugaban ma'aikata ya daina amsa gaisuwata. Zaɓe a kaka ne. Kada ki ɗauki wani a gonar inabin tukuna.

Ƙaninki,
Strahil