Igiyar Wule Tana Hannunka

Gazawa, watan Afirilu, 2012

Zuwa ga taubashina Sajo, a Legas.

Bayan sallama irin ta addini, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Allah ya kare ka a wurin gadin nan da kake yi. Mu nan lafiya lau, sai fari. Damina biyu ke nan ba mu ga abin kirki ba, gero ya yi tsadar da har mu dillalai mun daina ba'a a kasuwa. Mahaifiyarka Gogo Batulu ƙafarta ta yi sauƙi, ranar kasuwa ma da kanta ta shigo gari a amalanke. Na ba Jibo direba takardar nan hannu da hannu, tunda wata biyu ke nan in na kira salularka ba ka ɗauka.

Ka san abin da ya kawo ni, maganar wasanmu ce ta Zangon Fatake a intanet. Tun da Magaji ya buɗe zauren nan don mu da yunwa ta warwatsa mu riƙa haɗuwa, ya kafa doka ɗaya tak: in za ka nuna abin da mutuminka na cikin wasan ya yi, ka rubuta shi tsakanin alamun tauraro biyu, kuma ka tsaya a kan jikinka. Ka rubuta ka miƙa hannu, amma kada ka rubuta an karɓa. Ni da na yi lakol, makarantar boko, har aji shida na fi kowa sanin dokar, ni ne ma nake yi wa sababbi gyara. Ni falke ne a wasan, kai makiyayi mai garke, kullum kana rubuta yadda ka kai su mashaya, kana kiran Wule da Fure suna biyo ka. A zangonmu na waya ciyawa ba ta taɓa ƙarewa.

Ranar da abin ya faru na taya Wule, ka rubuta cewa makiyayi ya yi murmushi ya juya baya. Mutanen zaure suka yi mini dariya, wai an kayar da dillali. Ka san ni, ban iya barin ciniki ya wuce ni ba. Sai na rubuta da hannuna cewa makiyayi ya duba bai ga ciyawa ba, ya sunkuyar da kai, ya miƙa igiyar Wule, ya karɓi buhun gero biyu. Na zaci wasan taubasai ne, za ka rama ka ce Bahaushe ya sha kashi a hannun nagge, saniya a yarenku. Sai kawai na ga ka fita daga zauren. Magaji ya goge rubutun, ya ce na shiga rigar da ba tawa ba, ya dakatar da ni mako guda. Har a lokacin ina ganin kai ne ka cika fushi.

Ranar kasuwar da Gogo ta zo, na ba ta labarin ina dariya, don ta taya ni cewa ɗanta ba ya ɗaukar wasa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na tuna jar saniya mai farin goshi da ka kawo kara, kasuwar shanu, lokacin farin da aka yi shekara biyu da suka wuce, wadda ni na tsaya a tsakani har aka sallama ta a kan buhu biyu. Ta ce ita ce Wule, ita ce ta ƙarshe a garken mahaifinka. Wallahi Sajo, shanu nawa suka bi ta hannuna a shekarar nan, ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba. Haƙora nake dubawa da ƙugu. Ashe wuri ɗaya ya rage maka a duniya da Wule take raye, ni kuma na bi ka har can na sake sayar da ita.

Ba zan ce ban san dokar ba. Na san ta, na taka ta don a ce na ci ciniki. Tun da ka tafi zauren ya yi sanyi. Magaji ya ce babu mai taɓa garkenka, yana nan bakin rijiya inda ka bar shi, cinikin nan kuma ba a yi shi ba. Ban roƙe shi ya ce maka komai ba, don na gane ba ni zan rubuta maka abin da za ka yi ba, ko a waya ko a takarda.

Lauratu tana gaishe ka, da Zalika, da Kawu Mumuni na Cadakori. Ka gaishe mini da Idrisa in kuna haɗuwa. Jiya na sa layi ɗaya a zauren, na hana kowa ya ɗora a kansa, ga shi na kwafo maka:

*Falke ya tsaya nesa da rijiya, ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama.*

Nan nawa ya tsaya.

Naka taubashi,
Rabo dillali