Shaidar Mai Jirgin Tudu

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Yau matan da nake biya wa karatu ba su zuwa, tawada ta rage a kurtu, ni kuma ina da maganar da ta ƙi kwanciya.

Labarin gida kaɗan ne. Kogi ya cika bana har ya ci geron gefen fadama, amma shinkafa ta yi. Jigon ban ruwan da ka kafa a gonar alkama ya karye, ƙaninka ya sa wani. 'Yarmu Hadiza ta sauka, namiji, an yi masa huɗuba da sunanka. Yanzu ke nan mutum biyu ne ba na iya kiran sunansu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanin malamin garinmu, Malam Isiyaku, ya dawo daga Hajji ta Masar da Tarabulus, hanyar da ka biyo. Ka san labarin da yake bayarwa a zauren yayansa? Jirginka. Ɗakunan katako a jere bisa ƙafafun ƙarfe, a kan hanyar ƙarfe, wani tanderu a gaba yana cin wuta da ruwa yana jan su. Ya ce iri biyu ne: akwai mai tsayawa kowane ƙauye, akwai wanda ba ya kula ƙauye sai manyan birane. Na biyun ya hau a Alƙahira bayan asuba, ya yi azahar a Iskandariyya. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan taka ba. Har itatuwan dabinon da ka ce suna gudu da baya, shi ma ya gan su.

Kuma an yarda, Malam. Mutanen da suka yi shekara tara suna yi maka dariya su ne ke gyaɗa kai suna tasbihi. Malam Isiyaku har aya yake jawowa a kan ikon Allah. Jiya ayar ta sauka? Bai haddace ta ba ranar da ka zauna a gabansa?

Ban manta yadda abin ya fara ba. Tambaya ka kai masa, ta ilimi: wanda ya ci tafiyar kwana shida tsakanin asuba da azahar, ƙasaru zai yi ko zai cika salla? Da ni ka tambaya, da na gaya maka nisan hanya ake dubawa, ba daɗewa a kanta ba, ka huta. Amma kai ka fi son a ji a zaure. Ya ce ba a fatawa a kan mafarki. Masunta suka ɗauka, suka ce jirgin da ya hau tudu ai itacen girki ne. Daga ranar ka zama Alhaji Jirgin Tudu, har a bakin masu tallan kifi.

Da a dariya abin ya tsaya, da na haɗiye. Sai ga shari'ar maƙwabciyarmu Iya Fanna, wadda 'yan'uwan mijinta suka matsa mata iyakar fadama bayan rasuwarsa. Kai ka ga inda aka dasa iyakar tun asali. Ka tashi ka ba da shaida, Malam Isiyaku ya gaya wa alƙali cewa wanda ya ce ƙarfe yana gudu ba adali ba ne. Aka zubar da shaidarka. Ta rasa rabin gonarta, kai kuma ba a sake kiranka ko shaidar ɗaurin aure ba har ka koma ga Allah.

Shekaranjiya na yafa mayafi na je gidan Malam Isiyaku. Ban shiga wajen matansa ba, a ƙofar zaure na tsaya, ɗalibansa suna ji. Na gaya masa na san ba a karɓar shaidar mamaci, ba ita na zo nema ba. Na ce ya tashi ranar Juma'a bayan salla ya faɗa da bakinsa cewa ba ka yi ƙarya ba. Ya ce zai yi maka addu'a. Na ce addu'a ina yi maka safe da yamma ba tare da taimakonsa ba. Sai ya tambaye ni ko ni na yarda da kai a lokacin.

Wa ya gaya masa? Ko a fuskata ya gani?

Ban yarda ba, Malam. Na ɗauka zazzaɓin hanya ne ya taɓa ka, ko wani Bamisire ya ba ka labari ka mayar naka. Ka tuna 'yar takardar nan mai kauri, mai huda a gefe, wadda ka ce ita ake nunawa kafin a shiga jirgin? Wadda ka yi ta nema har ka zargi ɓeraye? Ni na sa ta a murhu. Na gaji da ganinka kana zaro ta daga aljihu kana nuna wa masu ƙyafta wa juna ido. Na ce in ta ɓace za ka yi shiru. Ka yi shirun kuwa, har a cikin gida. Me ya sa ba ka taɓa tambayata ba? Ko ka sani ne?

Na ba Malam Isiyaku amsarsa a nan inda nake tsaye, da ƙarfi, yadda na can ƙuryar zaure za su ji. Har maganar takardar na faɗa. Na ce ga nawa, saura nasa.

Ɗazu ƙaninka ya dawo daga masallaci ya ce Malam Isiyaku ya faɗa. A gajarce, kansa a ƙasa, amma ya kira cikakken sunanka da na mahaifinka. Na aika wa Iya Fanna. Ta ce ta gode, ta tambaya ko wannan zai dawo mata da gonarta.

Kada ka zaci na huce. Shi ya sami masallaci cike da mutane ya sauke nasa. Ni wanda ya kamata ya ji nawa mutum ɗaya ne, kuma na bari har aka rufe shi. Na yarda da kai, Malam. Ka hau jirgin.

Allah ya haskaka makwancinka. Ka yafe ni, sai na iso.

Matarka,
Hajara