Addu'o'in da Suka Shiga Sunayen Ɗalibai

Zuwa ga 'yata Raudha,

Gaisuwa mai yawa daga Jidda. Yaya Innarki da mutanen Kwaciri? Ni lafiya lau. Gadin ƙofa ba wuya, sai dai gwiwa, ita ma ta saba.

Na duba jerin ɗaliban da kika fitar daga kwamfutar makarantar da kike aiki a Sabon Gari, duk ya cika da alamun tambaya da 'yan akwatuna. Na yi dariya har maigidana ya leƙo. Kwamfuta lafiyarta ƙalau. Iyaye ne ke turo suna ta waya, haɗe da sallama da Larabci da hoton hannun addu'a, ku kuma ku kwafe duka ku zuba. Ki share addu'o'in daga gurbin suna, Allah ya riga ya ji su. Sannan ki zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 wajen fitarwa, shi ke gane Larabci. Ki miƙa wa shugabarku Madam Ifeoma kafin Juma'a, kada yara su rasa rajistar jarrabawa.

Shekara goma sha ɗaya ina buɗe wa mutane ƙofa, digirina na kwamfuta yana cikin akwati, ba wanda ya tambaye ni komai sai ke. Allah ya yi miki albarka. In wani abu ya sake rikicewa, don Allah ki turo mini.

Mahaifinki,
Halilu