Shekarar Rataye Garma

Laraba, 3 ga Tishri

Shekaranjiya aka busa ƙaho, shekara ta bakwai ta kama. Ba huɗa, ba shuka har baɗi, ƙasa za ta huta yadda Ubangiji ya umarta. Abin da ya tsiro da kansa na kowa ne. Ni na karanta wa mutanen Kefar Hadas dokar a ƙofar gari, kuma ba yabon kai ba, murya ta fita. Ƙanena Zabdi na can baya yana sakace. Kunnen ƙashi tun yana yaro.

Laraba, 24 ga Tishri

Sojojin Yunanawa. Sai da suka bari muka sauko daga Idin Bukkoki, sannan suka zo da alfadarai. Rumbu ɗaya ba su bari ba, duk tanadin da muka yi wa wannan shekara. Tsoho Ma'aziya ya rungume tulun mansa, suka soke shi da mashi a ciki. Mai da jini suka gangara tare har bakin rijiya. Ina tsaye ina kallo.

Da aka binne shi, Akkub maƙeri ya tara samari. Ya ce zunubinmu ne ya jawo, duk wanda ya taɓa garma bana sai ƙashinsa ya gaya masa. Na ce amin, da ƙarfi.

Lahadi, 19 ga Heshwan

Ruwan fari ya sauka. Ƙamshin ƙasa har ciwo yake.

Talata, 21 ga Heshwan

Zabdi a bayan tudu da sansa da garmarsa, rana tsaka. Ko ɓuya bai yi ba.

Na ce, "Kai, ka haukace? Shekarar me ake ciki?"

"Shekarar yunwa, Yaya."

"Ubangiji ya yi alkawarin albarkar da za ta kai mu."

"Ai ya cika. Tana kan alfadaran Yunanawa. Bi su ka karanta musu."

Wai 'ya'yansa uku tawada za su sha? A gabana, ni da na goye shi! Raina ya ɓaci.

Laraba, 22 ga Heshwan

Na gaya wa Akkub. Na ce a karya garmar kawai, a tsorata shi. Kawai. Sau biyu na faɗa.

Alhamis, 23 ga Heshwan

Su tara suka je, da ni na goma. Sun karya garmar. San ya yi ƙara, wani ya sare masa agara da gatari ya zube. Zabdi ya yi kukan kura ya shaƙe mai gatarin, shi ke nan suka rufe shi. Akkub da guduma a haƙarƙari. Na ji ƙarar, irin ta busasshen ice. Ina ta cewa ya isa, ya isa, wa ke ji na, ni Malam Yo'ezer? Suka ja shi a kan huɗar, fuska a ƙasa, suna cewa ci abin da ka shuka.

Matarsa Tirza ce ta zo ta ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa, ita da maƙwabciya. Na kai hannu zan kama. Ta tofa mini yawu a gemu.

"Kar ka taɓa shi, Yaya. Hannunka mai tsarki ne."

Ban ce a dake shi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Litinin, 5 ga Kislev

Zabdi tari yake, da jini. Na aika ɓaure busasshe, an dawo mini da shi.

Lahadi, 2 ga Tebet

Jiya Asabar, ranar hutu, ban taɓa alƙalami ba. Jiya Zabdi ya cika. Sai yau aka binne. An bar ni na yi addu'a, don babu wani mai karatu a garin.

Talata, 18 ga Tebet

Mutum biyu sun fasa wa juna kai a kan ganyen daji. Ganye! Ɗan autan Akkub ya kumbura ƙafa. Na karanta dokar a ƙofar gari kamar kullum, mutum shida suka zo, biyu barci suke.

Alhamis, 12 ga Shebat

Ƙaramar 'yar Tirza ta bi ubanta. Ba ta fi kaza nauyi ba.

Lahadi, 20 ga Adar

Tirza ta zo gidana, karo na farko. Ba ta zauna ba. Ta ce akwai wata gona a kwari, bayan tsohuwar matsar inabi. Ita Zabdi ya fara shukawa kafin in gan shi. Sha'ir ya yi kai.

"Na gaya maka ne don ka je ka faɗa. Ka ƙarasa mu gaba ɗaya, ka huta."

Na je na gani. Ya yi kyau, Allah ya yafe mini, ya yi kyau. Haram ne daga saiwa har kai, sawun garma ga shi nan ko makaho ya shafa. Gobe zan gaya wa Akkub.

Laraba, 23 ga Adar

Ƙafata ke ciwo, ban fita ba.

Alhamis, 23 ga Nisan

Idin Ƙetarewa ya wuce, babu ɗan rago ko ɗaya daga garin nan. Masu neman ganye sun gano gonar. Kafin hantsi gari ya cika kwarin, Akkub da samarinsa da bakin wuta, sha'ir ya bushe yana jira. Sun kama Tirza da gashi, sun durƙusar da ita, ɗaya ya ɗora mata lauje a wuya. 'Ya'yanta biyu sun maƙale mata. Mata na ihu a ƙone, wasu na ihu a bari, duk idonsu a kan hatsin.

Akkub ya ce, "Malam, kai ne mai doka. Shuka ce, ko da kansa ya fito? In shuka ce, wuta, da gonar da mai ita."

Na shiga ciki, na zagaya, na daɗe. Na ce zubin bara ne, da kansa ya fito. Na kowa ne.

Ya dube ni. Ya rame ƙwarai, gudumar ma da ƙyar yake riƙe ta.

"Za ka rantse?"

Na rantse. Da Sunan Ubangiji.

Aka kashe wutar da ƙasa. Kowa ya tsinka da hannu, gwargwadon cin gidansa, yadda doka ta ce. Matar Akkub ce ta fara cika zanenta. Tirza ta tashi ta wuce ta gabana da jini a wuyanta.

Ba don ita na yi ba. Mai yiwuwa ma zubin bara ne, a wani gefen, wa ya sani.

Sawun garmar na ƙarƙashin tafin ƙafata lokacin da nake rantsuwar. Ban ɗaga ƙafar ba sai da kowa ya watse.